Sunana a Gefen Mayafin Gawa

Mutum goma sha ɗaya ne suka rubuto mini a makon nan suna tambaya ko gaskiya ne an gan ni tsaye a kan gawar Seu Anacleto da almakashi a hannu. Gaskiya ne. Almakashin nawa ne, mai baƙin mariƙi, kuma na yi amfani da shi. Abin da ba gaskiya ba shi ne wai gashin bakinsa na je yankewa. Ga yadda aka yi, daga safe zuwa magariba.

Saboda sababbin masu karatu: sunana Edilene, shekarata talatin da ɗaya. Ni da mahaifiyata, Dona Zefa, muna zaune a garin Bezerros, inda ake sakaya manyan maza da Seu, manyan mata da Dona, kuma da yadin net muke cin abinci. Duk abin da ake yi da siririn yadin nan mai raga-raga muna yi: mayafin amarya, furannin da ake ɗaurawa a bencinan coci, siket ɗin teburin kek, ƙananan ƙullin shinkafa da ake watsa wa ango da amarya a bakin ƙofa. Sai kuma wanda ba ma sakawa a hotunan talla, wato mayafin da ake shimfiɗawa a kan buɗaɗɗen akwatin gawa don kada ƙuda ya sauka a fuskar mamaci. Bandir ɗaya ake yankowa, farin ribon ɗin da muke bin gefensu da shi iri ɗaya ne. Na amarya mita uku, na gawa mita biyu da santimita ashirin. Na amarya nakan soka masa fil mai jan kai, na gawa mai shuɗin kai. Shekara tara ina wannan aiki ban taɓa rikita su ba.

Amaryar da ta damu da ƙawayenta takan bari a rubuta sunayen waɗanda ba su yi aure ba a kalmasar rigarta ko a ribon ɗin mayafinta, ta shiga coci da su, ko nasu auren ya zo. Mama ba ta jiran a ba ta izini. Sunana ya shiga coci sau arba'in da ɗaya. Mutum-mutumin Waliyyi Antoniyo kuwa, mai nemo wa mata miji, yana cikin firij ɗinmu kai a ƙasa tun watan Fabrairu, tsakanin man shanu da ragowar wake. Mama ta ce ranar da ya yi aikinsa zai fito.

Sai Genival. Shi ke da shagon yadi a bakin kasuwa, kuma jikan Seu Anacleto ne. Dogo ne, ba ya kallon mutum a ido, kullum tef ɗin awo yana rataye a wuyansa. Shekara uku ke nan, duk lokacin da na ce ya yanka mini mita hamsin, in na zo gida na auna sai in ga hamsin da uku. Karon farko na mayar masa da rarar. Kunnuwansa suka yi ja, ya ce almakashi ne ya zame. Zuwa ranar Larabar da nake ba ku labari, almakashin ya zame sau ɗari da talatin da bakwai. Mita ɗari huɗu da goma sha ɗaya ke nan. Tagoginmu net ne, murfin talabijin net ne, kejin aku net ne, bishiyar gwandar tsakar gida ma sanye take da siket. Ba na sayar da rarar. Kada ku tambaye ni dalili.

Saƙonninmu na waya na shekara uku ba su da wuyar karantawa. Yakan rubuto: "Fari ya iso." In amsa: "To." Sau ɗaya, bara, ya haɗa da hoton babban yatsa. Bayan minti biyu ya goge.

Ranar Laraba da ƙarfe bakwai saura ashirin, muna cin kuskus ɗin masara da ƙwai, motar shela ta bi ta layinmu tana sanar da cewa Seu Anacleto ya rasu da asuba yana da shekara casa'in da ɗaya, za a rufe shi ƙarfe huɗu. Mama ta ajiye kofin gahawarta. Idonta ya yi ƙyalli. Na ɗauka hawaye ne.

Bakwai da minti goma wayata ta yi ƙara.

"Kaka ya rasu. Mayafi ɗaya, don Allah."

Bai taɓa rubuta mini saƙo mai tsawon wannan ba. Na rubuta amsa uku na goge, sannan na aika: "Allah ya ji ƙansa. Ƙarfe tara."

Daga cikin rarar na yanko. Na bi gefen da ribon, na soka shuɗin fil, na ajiye shi a tebur kusa da mayafin 'yar mai kemis da za a ɗaura wa aure ranar Asabar.

"Je ki yi wanka," in ji Mama. "Ni zan goge in naɗe."

Mama ba ta taɓa neman guga da kanta ba. Wannan ma na gani na wuce. Ƙarfe tara Seu Osmar, mai shirya gawa, ya zo da kansa ya karɓi ƙullin.

Da sha biyu da rabi na ɗauki mayafin amaryar don in duba inda Mama ta yi rubutu. Kullum nakan duba, saboda wani lokacin tawadar kan fito ta ɗaya gefen. Na bi ribon ɗin daga farko har ƙarshe. Fari tas.

"Mama, ba ki rubuta ba."

"Na rubuta."

"Babu komai a nan."

"A wannan, e."

Tana zaune tana ƙulla shinkafa, cokali ɗaya a kowane yanki, ba ta ɗago ba.

"Kin rikita fil ɗin?"

"Ja da shuɗi? Tsufa na yi, ban makance ba."

"To a ina kika rubuta?"

Ta ɗaure ƙullin, ta jefa a kwando.

"Ke, yi lissafi da kanki, tunda ke ce mai awo. Amare arba'in da ɗaya, ina suka kai sunanki? Cocin nan ta bayan tasha. Suka dawo da shi, suka ja shi a ƙasa, suka zuba masa miya a wurin liyafa. Shi kuwa wannan bawan Allah kai tsaye zai tafi. Yau da yamma yana can. Hannu da hannu zai miƙa."

"Mama."

"Ba kullum ake samun matafiyi ba, 'yar nan. Kuma mutumin kirki ne, za a buɗe masa da wuri."

"Me kika rubuta?"

"Edilene, shekara ashirin da tara, tana jira. Sai na zana 'yan zukata biyu."

"Shekarata talatin da ɗaya."

"Wa zai bincika?"

Ku da ba 'yan garinmu ba, ba ku san Dona Zulmira ba, matar marigayin. Shekara sittin da shida tana gadinsa. Ta taɓa jifan wata ma'aikaciyar jinya da tukunyar wake saboda ta daɗe riƙe da hannunsa tana duba bugun jini. Lokacin yana da tamanin da huɗu. Idan ta karanta cewa wata Edilene tana jira, da zukata biyu, a mayafin mijinta, kafin rana ta faɗi duk Bezerros ta san ni ce budurwar tsoho. Genival kuwa, wanda ya yi shekara biyu kafin ya kai ga babban yatsa, ba zai sake zamewar almakashi ba har abada. Wannan ne ya sa na tashi.

Na sa baƙar rigata mai aljihu, da takalmi marar tsini, na ɗaure gashina baya. Almakashi ya shiga aljihun dama. Mama ta fito cikin rigarta mai ruwan ƙwai da 'yan kunnen zinare, ta shafa jan baki, ta rataya jaka, kamar mai raka ɗan'uwa tashar mota.

"Ta wane gefe?" na tambaye ta a hanya.

"Wajen ƙafa. Kada ki taɓa mini aike."

Gidan ya cika. An jera kujerun roba har kan titi, mata suna addu'a a falo, maza suna tsakar gida da kwalbar giya suna tuna halayen marigayi. Ana zagawa da gahawa da biskit. Akwatin yana tsakiyar falo, fanka na kaɗawa a kansa. Mayafin ya zauna daidai, kusurwa huɗu sun sauko tsawo ɗaya. Wanda ya shimfiɗa shi ya san yadi.

Genival yana tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga, ya sa maɓallin farko a ramin na biyu. Babu tef a wuyansa, sai hannunsa yake ta kaiwa wurin.

"Sannu," na ce.

"Sannu."

"Allah ya ba da haƙuri."

"Mayafin ya yi," ya ce wa takalmina.

"Mita biyu da ashirin."

Ya gyaɗa kai. Ta'aziyyarmu ke nan.

Dona Zulmira tana wajen kai, a kujera mai lilo, ƙanƙanuwa cikin baƙaƙen kaya, carbi a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Na zagaya wajen ƙafa na durƙusa kamar mai addu'a. Na zaro almakashi da dama, na juya ribon da hagu.

Ga rubutun Mama da shuɗin biro, da zukatansa biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma. Na buɗe almakashi. Sai na ga ribon ɗin bai ƙare a nan ba. Bayan tazarar kamar santimita takwas akwai wani rubutu, da baƙar maka mai kauri, irin wadda ake rubuta awo da ita a jikin bandir:

"Genival, shekara 34, shi ma."

Na san hannun. Shi kaɗai ke rubuta lamba huɗu kamar kujera. Shi ya shimfiɗa mayafin da safe, ya gani, ya koma aljihu ya ɗauko maka. Ko a nan sai da ya bar tazara tsakaninmu.

Agogon bango ya nuna biyu da kwata. Ban san minti nawa na yi a durƙushe ba, kuma wannan ba halina ba ne.

"Ke, 'yar Zefa. Me kike yi a ƙafar mijina?"

Addu'a ta tsaya. Mai zuba gahawa ta tsaya da buta a sama. Na miƙe. Almakashi yana hannuna a buɗe, kuma a nan ne mutum goma sha ɗayan nan suka samo labarinsu.

"Gyara nake yi, Dona Zulmira. Zare ne ya fito."

"Zaren da ake karantawa? Na ga bakinki yana motsi. Jawo mini shi nan."

Aka jawo gefen mayafin zuwa wajen kai. Ta sa tabarau, ta riƙe ribon ɗin nesa da fuska, ta karanta da muryar da ake ji har titi.

"Edilene. Shekara ashirin da tara."

Wata a baya ta yi tari.

"Tana jira."

Ta cire tabarau. Ta juya ta dubi gawar. Ta daɗe tana dubanta.

"Anacleto," ta ce a hankali, ta ɗaga sanda.

"Ni ce, ni ce na rubuta!" Mama ta ratso mata, jaka na lilo. "Ba shi take jira ba, Dona Zulmira, me za ta yi da shi? Allah ya ji ƙansa. Saƙo ne kawai, ya miƙa wa Waliyyi Antoniyo in ya isa. Ki karanta gaba, na hango akwai ci gaba."

Mama ba ta san da ci gaban ba sai a lokacin. Idonta ne ya fi na kowa sauri.

Dona Zulmira ta mayar da tabarau. Ta karanta layi na biyu, shi ma da ƙarfi. Kawuna suka juya bakin ƙofa. Genival ba ya nan. Daga baya aka same shi a kicin yana wanke kofunan da aka riga aka wanke.

"Wato aike ne," in ji tsohuwar.

"Aike ne."

"Kin san wa kika aika, Zefa? Mutumin nan in na ce ya sayo albasa da safe, sai la'asar zai dawo da tsuntsu a keji da labarin ƙwallo."

"Yau ai babu inda zai tsaya hira."

Dona Zulmira ta koma lilo a kujerarta. Ta sauke sanda.

"Shekara sittin da shida bai kai mini saƙo ɗaya daidai ba. Bari ya kai na jikansa, ko ya yi abin kirki sau ɗaya. Ke kuma rufe almakashin nan, kina tsorata mini shi."

Na rufe. A zatona an gama. Sai Dona Creuza, mai gidan burodi, ta matso tana goge hannu a riga.

"Zefa, biron yana jakarki?"

Kafin ƙarfe uku layi ya fita har ƙofa. Mama ta tsaya tana riƙe ribon ɗin a miƙe, mata suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Dona Zulmira ta kafa doka biyu: kada a rubuta kusa da fuska, kuma kada a zana zuciya. Wata ta rubuta 'ya'yanta uku bisa tsarin haihuwa. Wata gwauruwa mai shekara saba'in ta rubuta sunanta, ta ƙara da cewa mai haƙora take so. Wani daga cikin mazan tsakar gida ya shigo yana tangaɗi ya rubuta kamannin akuyarsa da ta ɓata tun bikin Ista, tunda waliyyin shi ne kuma mai nemo ɓatattun kaya.

"Kun cika masa kaya," in ji Seu Osmar.

"Ɗauka zai yi a ka?" in ji Mama.

Fada, limamin cocinmu, ya iso uku da rabi. Ya tsaya ya dubi ribon ɗin, ya cire tabaransa ya sa a aljihu, sannan ya fara addu'a. Na ƙirga suna ashirin da uku, ban da akuya.

Ina da ɗabi'a ɗaya: ba na barin aikina ya tafi ban yi masa duban ƙarshe ba, ko na amarya ne ko na gawa. Huɗu saura kwata, Seu Osmar ya jingina murfin akwati a bango, mutane suka taru wajen kai suna sallama. Na koma wajen ƙafa na juya ribon.

Tazarar da Genival ya bari ta cike. Dona Creuza ta cusa rubutu ƙanana a ciki: "Marluce, 24, ta iya girki." Ta kuma ja kibiya daga sunan 'yarta zuwa nasa. Duk wanda aka miƙa wa saƙon nan a can, zai ga ni ina jira a gefe ni kaɗai, Marluce ta iya girki, Genival shi ma.

Ni ban yarda da aiken nan ba. Ina so a rubuta wannan a fili. Ban yarda cewa tsohon da ba ya iya sayo albasa zai kai ribon ko'ina ba. Na dai zaro almakashi.

Yanka biyu. Santimita takwas suka faɗo tafin hannuna, na sa a aljihu. Na jawo bakin ribon ɗin biyu, zukatan Mama suka haɗu da harafin farko na sunansa. Na kai hannu wuyan rigata inda nake soka fil. Guda ɗaya ya rage, mai jan kai. Shekara tara ban taɓa sa jan fil a mayafin gawa ba. Na soka.

Da na ɗago, Genival yana bakin ƙofar kicin da kofi a hannu, ruwa na ɗiga a takalminsa. Ya dubi almakashin, ya dubi fil ɗin, sannan, karon farko a shekara uku, ya dube ni.

Ƙarfe huɗu daidai Seu Osmar ya tattara gefunan mayafin ciki ya rufe akwati. Mama ta ɗaga masa hannu. "Sauka lafiya! Kada ka tsaya a hanya!" Dona Zulmira ta yi kuka a lokacin, kaɗan, ta ce ko yau sai da ya tafi da sunayen mata.

Mun dawo daga maƙabarta shida saura. Na cire takalmi na zauna a gaban kwandon shinkafa, saura ƙulli tamanin na bikin Asabar. Shida da minti biyar waya ta yi ƙara.

"Na amarya mita nawa ne?"

Mai shagon yadi ne. Ya san amsar tun kafin in fara aiki.

"Uku," na rubuta.

Waya ta nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Minti goma sha ɗaya.

"Zan yanka uku daidai. Wannan karon almakashi ba zai zame ba."

Mama tana karantawa ta saman kafaɗata. Ta duba agogo, ta yi lissafi da yatsu.

"Awa biyu. Kin gani? Har ya isa ya miƙa. Zulmira ƙarya take yi masa duk shekarun nan."

Ta buɗe firij ta ciro Waliyyi Antoniyo, ta goge masa man shanu da gefen rigarta, ta tsayar da shi a kan ƙafafunsa. Ta dube shi, ta yi tunani, ta mayar da shi ciki, amma a tsaye.

"Sai na ga zobe," ta ce masa, ta rufe.

A lokacin aka fara buga ƙofar waje da tafin hannu. Ta labulen net ana ganin komai: Dona Creuza ce, har yanzu cikin kayan makoki, Marluce na bayanta tana jan hannunta.

"'Yar Zefa! An ce an ga almakashi sau biyu! Fito ki zazzage mini aljihunki!"

Na taɓa aljihun. Santimita takwas suna nan.

Na fara da waya. Na rubuta: "Lahadi, bayan coci. Yadi akwai a gida. Ka zo da bakinka."

Na aika, na sa takalmi, na je buɗe ƙofa.